Gajimaren Kalmomi a Aji: Wace Manhaja Ce Ta Dace da Malami?

Duk malamin da ya halarci taron ƙara wa juna sani a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai ga wannan abu ba. Mai gabatarwa zai jefa tambaya, mahalarta su sunkuya a kan wayoyinsu, sai kalmomi su fara bayyana a bango ta majigi, wasu manya wasu ƙanana, wadda aka fi maimaitawa tana ta kumbura har ta mamaye tsakiya. Wannan hoton shi ake kira gajimaren kalmomi, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce tak: iya yawan fitowar kalma, iya girmanta. Malami yakan baro taron cike da sha'awa, amma da ya zauna zai gwada abin a ajinsa sai ya tarar da manhajoji barkatai, kowace tana yabon kanta, ya rasa wadda zai kama.

Abin da zai fara rage wannan ruɗani shi ne a gane cewa manhajojin gida biyu ne, ko da yake hoton da suke fitarwa ya yi kama da juna. Gida na farko su ne masu tattara amsa daga ɗalibai nan take, irin su Mentimeter da Slido da AnswerGarden. Gida na biyu su ne waɗanda ake zuba wa rubutun da ke hannu, su ƙirga kalmominsa su zana, irin su WordClouds.com da Voyant Tools. Na farko suna nuna wa malami abin da ke zukatan ɗalibansa, na biyu kuma suna nuna abin da wani rubutu ya fi nanatawa. Malamin da bai tantance wanne yake nema ba zai iya ɓata mako guda yana koyon manhajar da ba ta aikinsa ba ce.

Ma'aunan da za a bi

Farashi shi ne ma'auni na farko, kuma ba kuɗin rajista kaɗai ake nufi ba. Kusan dukkan manhajojin nan suna da tsarin kyauta, sai dai kyautar tana da iyaka, ko a yawan ɗaliban da za su amsa, ko a yawan tambayoyi, ko a damar sauke sakamako. Tsarin biya kuwa da kuɗin waje ake yin sa, galibi na shekara guda a dunƙule, kuma duk mai riƙe da katin naira ya san ba kullum irin wannan biya yake wucewa ba. Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta shi a shafin farashi, wato datar da ɗalibai za su ƙona, da man janareta idan majigi zai yi aiki ranar da babu wuta.

Ma'auni na biyu shi ne ƙarko. A shekarar 2008 wani ma'aikacin kamfanin IBM mai suna Jonathan Feinberg ya fitar da Wordle, wadda ta sa gajimaren kalmomi ya shiga azuzuwa a ƙasashe da dama. Manhajar ta dogara ne da fasahar Java, kuma da manhajojin shiga intanet suka daina ɗaukar wannan fasaha sai amfani da ita ya yi wuya, daga baya shafin ya daina aiki. A yau wanda ya nemi sunan zai tarar da wasan cankar kalmomi ne wanda jaridar New York Times ta saya a 2022, abin da ba shi da alaƙa da ita. Malaman da suka gina darussansu a kanta sai da suka koma neman wata. Saboda haka tambayar ƙarko biyu ce: shin manhajar za ta kai baɗi, kuma shin malami zai iya ajiye sakamakon a wurinsa ko da ta ɓace?

Na uku sauƙi ne, wanda ake auna shi da yawan mintunan da shiri zai ci daga darasin minti 40, da kuma yawan wayoyin da ake buƙata a aji. Na huɗu haɗari ne, wato abin da ɗalibi zai iya rubutawa a ɓoye ya fito a bango gaban kowa, da kuma inda bayanan yara za su tafi. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta nemi a samu amincewar iyaye ko masu riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro, don haka manhajar da ba ta neman suna ko adireshin imel daga ɗalibi ta fi kwanciyar hankali a firamare da sakandare.

Ma'auni na biyar ba za a same shi a tallar kowace manhaja ba, alhali a wurin mai koyarwa da Hausa shi ne ya fi nauyi. Manhajojin nan haruffa suke ƙirgawa, ba ma'ana ba. Na taɓa tambayar wani aji abin da shuka ke buƙata domin ta rayu, amsoshi suka zo: ruwa, taki, rana, iska, ƙasa. Da na duba bango sai na ga taki ya fi ƙasa girma, abin ya ba ni mamaki, sai da na lura da kyau na ga ashe ƙasar ta rabu gida uku, masu madannin Hausa sun rubuta ƙasa, wasu kasa, wasu kuma k'asa, kowace ta tsaya ita kaɗai 'yar ƙarama a gefe. Haka nan gona da gonar da gonaki da gonakin kalmomi huɗu ne a idon na'ura, kamar yadda ruwa da ruwan sama ba za su haɗu ba. Kalmomi masu hamza irin su jama'a da sana'a da 'ya'ya wasu manhajoji sukan datse su biyu, sannan wasu salon haruffa ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai a ga ɗan akwati a gurbinsu. Don haka damar gyara jerin kalmomi da hannu ta fi launi da siffa muhimmanci nesa ba kusa ba.

Masu tattara amsa nan take

Mentimeter, wadda wani kamfani da ke birnin Stockholm na ƙasar Siwidin ya mallaka, ita ce aka fi gani a tarurruka, kuma ita ce ta fi kyan gani a bango. Malami ne kaɗai yake yin rajista, ɗalibai kuwa za su shiga menti.com su sa lambar da ke bango, ba tare da ba da suna ba. Kowace amsa ba ta wuce haruffa 25, wanda hakan alheri ne, domin yana tilasta wa ɗalibi ya zaɓi kalma maimakon ya rubuta jimla. Tana kuma ba malami damar ɓoye sakamako har kowa ya gama amsawa. Wannan dama ba ƙarama ba ce, domin idan gajimaren yana bayyane ana cikin amsawa, ɗaliban da ba su da tabbas sukan kwafi kalmar da suka ga ta fi girma, sai ta ƙara girma, malami ya ɗauka ajin ya yi ittifaƙi alhali bin yarima a sha kiɗa ne kawai.

Matsalarta tana wajen farashi. Tsarin kyauta ya taƙaita mahalarta zuwa 50 a wata, kuma malamin da ajinsa ɗaya ya haura haka zai cinye rabonsa a darasi guda. Fitar da amsoshi zuwa Excel domin a haɗa ƙasa da kasa na masu biya ne, ko da yake akwai rangwame ga malamai. Ta fuskar ƙarko babu fargaba sosai, domin kamfani ne da ke samun kuɗi da manhajar, amma sharuɗɗan kyautar sun taɓa sauyawa kuma za su iya sake sauyawa, don haka a duba shafin farashi ranar da za a yanke shawara. Tana da matatar da ke tare kalmomin batsa, sai dai ba domin Hausa aka gina ta ba. Na ga ranar da wani ɗalibi ya rubuta sunan tsokanar da ake kiran wani abokin karatunsa, biyu ko uku suka maimaita, kafin na ankara sunan ya zama mafi girma a bango, kuma ragowar darasin a lallashi da faɗa ya ƙare.

Slido an kafa ta ne a Bratislava ta ƙasar Sulobakiya a 2012, kamfanin Cisco na Amurka ya saye ta a 2021. Aikinta kusan ɗaya ne da na Mentimeter, amma iyakar kyautarta ta bi wata hanya dabam: mahalarta 100 a kowane zama, da tambayoyin jin ra'ayi uku. Ga malamin kwaleji mai babban aji wanda tambaya ɗaya ko biyu yake buƙata a farkon lacca, wannan tsari ya fi dacewa da shi. Tana shiga cikin PowerPoint da Google Slides, ta yadda ba sai an riƙa tsalle daga wannan shafi zuwa wancan ba. Kyanta bai kai na Mentimeter ba, kuma sauke cikakken sakamako sai an biya, amma ɗaukar hoton fuskar kwamfuta yana wadatarwa a mafi yawan lokuta. Haɗarin rubutun ɓoye yana nan yadda yake a waccan.

Poll Everywhere ta Amurka ma tana cikin wannan gida, amma tana da ɗabi'ar da ke cutar da Hausa, domin gajimarenta yana rarraba amsa kalma-kalma sai idan an haɗa su da alama ta musamman. Ke nan ruwan sama zai zama ruwan dabam, sama dabam, kuma a harshen da ke cike da harɗaɗɗun sunaye irin su gidan sauro da ɗan kasuwa da farar hula, wannan kaɗai ya isa a ajiye ta gefe.

AnswerGarden ita ce mafi ƙanƙanta a cikinsu kuma mafi rashin ado, wani ƙaramin kamfani ne a ƙasar Holan ya yi ta. Kyauta ce, kuma ko malamin ba ya buƙatar rajista: zai rubuta tambaya, ya zaɓi tsawon amsa, haruffa 20 ko 40, ya samu adireshin da zai raba wa ɗalibai. Abu biyu ne suka ɗaga darajarta a idona. Na farko, tana da tsarin da amsa ba za ta fito ba sai malami ya amince da ita, muddin ya sa kalmar sirri tun lokacin ƙirƙirar tambayar, wanda shi ne maganin abin da ya same ni a wancan darasi. Na biyu, tambayar tana zama a buɗe kwana da kwanaki, don haka ana iya tura adireshin a zauren WhatsApp na aji ko na iyaye, yara su amsa a gida da wayar babba, malami ya zo da hoton washegari. Rauninta shi ne duk wanda adireshin ya kai gare shi zai iya amsawa, kuma idan malami ya manta kalmar sirri ko ya ɓatar da adireshin, aikin ya tafi ke nan. Manhajar da ba ta karɓar kuɗi kuma ba ta ɗauki alkawarin zama har abada ba, saboda haka a riƙa ajiye hoton kowane sakamako nan take.

Waɗanda ake zuba wa rubutu

WordClouds.com kyauta ce, ba ta neman rajista, kuma ɗalibai ba sa buƙatar waya ko ɗaya, domin malami ne zai yi aikin shi kaɗai kafin darasi. Zai liƙa rubutu ko ya ɗora fayil, ya zaɓi siffa da launi, ya sauke hoton ya buga a takarda ko ya nuna a kwamfutarsa. Abin da ya fi amfani a cikinta shi ne jerin kalmomin da take nunawa tare da adadin kowace, wanda ake iya gyarawa: a goge wadda ba a so, a haɗa manomi da manoma da manoman a ba su jimillar adadinsu. Masu ita suna da irin wannan shafi da Faransanci, wanda zai fi wa malaman Nijar sauƙi. WordArt.com 'yar'uwarta ce da ta fi ta ado, amma hoto mai inganci sosai sai an biya, kuma adon bai ƙara wa darasi komai ba.

A nan ne kuma ake gamuwa da tarkon da ya kamata kowane malamin Hausa ya sani. Ranar da na fara zuba wani nassi a kan noman rani, manyan kalmomin da suka cika hoton su ne da, a, na, ya, ta, ne, babu noma babu rani. Wannan ba laifin manhaja ba ne, haka kowane harshe yake, ƙananan kalmomin haɗi su ne suka fi yawa. Manhajojin suna da jerin irin waɗannan kalmomi da suke cirewa da kansu, amma idan jerin na Ingilishi ne ko na Faransanci, zai bar na Hausa, kuma ya yi ɓarnar da ba a gani. Jerin Ingilishi yana ɗauke da so da me da in da an, na Faransanci kuma yana ɗauke da son da sa da ma. Ke nan malamin adabi zai iya zuba waƙar soyayya, kalmar so ta ɓace ɗungurungum ba tare da an sanar da shi ba, ya tsaya gaban aji yana nazarin hoton da aka cire wa zuciya. Abin yi shi ne a kashe wancan jeri, a cire na Hausa da hannu, kuma ko a nan sai an yi hattara, domin wanda ya goge "ce" ya goge har da ta "ya ce", wanda ya goge "kai" ya haɗa da kan mutum da kai saƙo.

Voyant Tools ta fi sauran zurfi, domin ba don ado aka yi ta ba, don nazarin rubutu aka yi ta. Malaman jami'a biyu a Kanada, Stéfan Sinclair da Geoffrey Rockwell, su suka gina ta, kyauta ce, kuma gajimaren kalmomi ɓangare ɗaya ne kawai a cikinta, wanda suka kira Cirrus. Idan aka danna kalma, za ta nuna sau nawa ta fito, a wane sashe na rubutun ta fi yawa, da kuma jimlolin da ta fito a ciki. Wannan na ƙarshe shi ne maganin rashin alamar karin sauti da tsawon wasali a rubutunmu na yau da kullum, domin da shi ake gane ko gari na zama ake nufi ko garin tuwo, ko fari launi ne ko rashin ruwan sama. Malami zai iya rubuta jerin kalmomin cirewa na kansa, kuma ana iya sauke manhajar a kwamfuta ta yi aiki babu intanet, wanda ya ba ta ƙarkon da sauran ba su da shi. Kuɗinta shi ne lokaci: fuskarta cike take da akwatuna da jadawali, kuma sai mutum ya ba ta yammaci guda ko biyu kafin ya saba. Haɗarinta kuma shi ne rubutun da aka ɗora a shafinta yana samun adireshin da duk mai shi zai iya buɗewa, don haka a cire sunayen ɗalibai daga insha'insu kafin a ɗora.

| Manhaja | Farashi | Abin da aji ke buƙata | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Mentimeter | Kyauta zuwa mutum 50 a wata | Wayoyi, data, majigi | Mai kyau, sharuɗɗa na sauyawa | Tsokana a ɓoye |
| Slido | Kyauta zuwa mutum 100, tambaya uku | Wayoyi, data, majigi | Mai kyau | Tsokana a ɓoye |
| AnswerGarden | Kyauta | Waya, ko a gida | Matsakaici | Ɓatan adireshi, baƙin masu amsa |
| WordClouds.com | Kyauta | Takardar da aka buga | Hoton yana hannun malami | Ɓacewar kalmomin Hausa |
| Voyant Tools | Kyauta | Kwamfutar malami | Ana iya sauke ta | Rubutun ɗalibai a fili |
| Allo da alli | Kuɗin alli | Ƙananan takardu | Sai an ɗauki hoto | Kunyar faɗin amsa, idan da baki ne |

Layin ƙarshe na teburin ba raha ba ce. A makarantar da aka hana ɗalibai zuwa da waya, ko ajin da yara suka haura 80 a kan benci da tabarma, malami zai iya raba ƙananan takardu, kowa ya rubuta kalma ɗaya ba suna, ɗalibai biyu su ƙirga, a rubuta kalmomin a allo gwargwadon yawansu. Yana cin kamar minti 10, amma masu ƙirgar sun san ƙasa da kasa abu ɗaya ne ba sai an gaya musu ba, kuma takardar tsokana a hannunsu za ta tsaya. Idan ana son hoto mai tsabta na mannawa a bango, sai malami ya kwashe adadin ya shigar a WordClouds.com da yamma.

Wa ya dace da wace

Malamin jami'a ko kwalejin ilimi wanda ɗalibansa ke da wayoyi kuma zauren laccarsa yana da majigi, Slido ce ta fi masa, saboda iyakar mutum 100 ta fi kusa da girman ajinsa, kuma tambaya uku sun ishi buɗe lacca da rufe ta. Mai horar da malamai ko mai jagorantar ƙaramin taro na mutum 20 zuwa 30 sau ɗaya a wata, Mentimeter za ta ishe shi a kyauta, kuma za ta fi burge mahalarta. Biyan kuɗin shekara ba ya da hujja sai idan makaranta ce za ta biya kuma malamai da yawa za su yi amfani da ita kowane mako; malami ɗaya ya cire daga albashinsa domin hoton da zai iya samu ta wata hanya, ban ga dalili ba.

Malamin sakandare da ke son jin abin da ɗalibai suka sani kafin ya fara sabon babi, ko abin da ya zauna musu bayan ya gama, ya ɗauki AnswerGarden ya mai da ita aikin gida, ya kunna tsarin tantance amsa, ya kuma gaya wa ɗalibai tun farko su rubuta kalma a tilonta, da ƙananan haruffa, sannan su sa madannin Hausa na Gboard ko makamancinsa a wayar idan zai yiwu. Malamin firamare, da duk wanda ajinsa babu wuta, WordClouds.com da takarda bugaggiya ko allo da alli su ne nasa: ya nuna wa yara manyan kalmomin labari kafin a karanta, su canki abin da labarin zai ƙunsa, sannan a karanta a ga wanda ya dace.

Malamin harshe da adabi a manyan azuzuwan sakandare ko sama da haka, wanda yake son ɗalibai su kwatanta kalmomin da marubuta biyu suka fi amfani da su, ko su ga kalmar da suke yawan maimaitawa a insha'insu, Voyant ce kaɗai a cikin jerin nan za ta kai shi inda yake so. Kafin ya fara, ya zauna sau ɗaya ya rubuta jerinsa na kalmomin cirewa, da, a, na, ta, ya, ne, su, ko, kuma, amma, sai, ga, wa, cikin, wanda, wannan da makamantansu, ya ajiye shi a fayil a kwamfutarsa da wayarsa, domin jerin nan zai yi masa aiki a Voyant da WordClouds.com da duk wadda za ta gaje su.